Wa ke tambayar yaran da aure ya mutu ya bari?

Duk lokacin da aka tayar da zancen yawan mutuwar aure a ƙasar Hausa, a gidan rediyo ne, a kan mumbari ne, ko a shafukan sada zumunta, mutum biyu ake sa wa ido: miji da mata. Wasu su ce maza sun mayar da saki abin wasa, wasu su ce matan yanzu ba su da haƙuri, a yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure. Alhali akwai mutum na uku da ke raɓe a bakin ƙofa yana jin duk abin da ake faɗa, wato yaron da auren ya haifar. Idan ma an tuna da shi, to ta fuskar ci da sha da kuɗin makaranta ne. Da wuya ka ji an tambayi yadda yake kallon kansa a tsakanin tsararrakinsa, ko abin da yake saƙawa a ransa idan dare ya yi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Malali, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kuma a jami'ar da nake koyarwa an daɗe ana ɗora mini aikin kula da sababbin ɗalibai. Waɗannan wurare biyu suna nuna mini yaro ɗaya a shekaru daban-daban. A unguwa ina ganinsa yana ɗan shekara tara, yana tsaye gefe ana ƙwallo. A ofis ina ganinsa yana ɗan shekara goma sha tara, ya zo da matsalar rajista, zance ya ja zance har a iso inda gizo ke saƙar. Abin da na lura da shi shi ne, yaron da uwa kaɗai ko uba kaɗai ya rena yakan taso da wani nauyi da bai tsaya ga aljihu ba. Yana jin cewa shi ragagge ne, akwai abin da kowa ya samu shi aka hana shi, kuma bai san laifin da ya yi ba. Wannan jin yana kama ɗan gidan da ake yanka kaza kamar yadda yake kama ɗan gidan da ake kwana da yunwa.

Mutuwar aure dai tsohon abu ne a wurinmu. Wanda ya karanta littafin Baba of Karo, tarihin wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, zai ga yadda mata ke fita daga wannan aure su shiga wancan ba tare da duniya ta tashi ba. Baba kanta aure huɗu ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi. A wancan zamani yaron da iyayensa suka rabu babban gida yake faɗawa, mai kakanni da baffanni da gwaggwanni da 'ya'yan riƙo birjik. Ban ce ba a cutar da yara a lokacin ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da 'yar bora da muguwar kishiyar uwa, kuma kakanninmu ba daga iska suka ɗebo wannan ba. Sai dai rashin uwa ko uba a gida bai mayar da yaro bare ba, tunda da yawa daga yaran gidan ma ba a ɗakin da aka haife su suke kwana ba.

Kaduna kuwa birni ne na baƙi tun asalinsa. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan jirgin ƙasa, daga baya ma'aikatan masaƙu suka biyo. Kusan kowa ka tambaya yana da wani gari da yake kira gida: Katsina, Zariya, Bida, Kafanchan, Maiduguri, Ilori. Malali hoton wannan ne a taƙaice. Ga tsohon ƙauyen, ga rukunin gidajen Low Cost, ga GRA mai dogayen katangu, ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da aka buɗe a 1973, ga matatar ruwa a kusa da kogi. Yawancin gidajen an tsara su ne don miji da mata da 'ya'yansu, babu sashen kaka, babu zauren da baffa zai shimfiɗa tabarma. Ranar da aure ya mutu, ko mai gida ya rasu, babu babban gidan da zai haɗiye yaran. Mace ce za ta kama ciki da falo na haya, ta fita nema da sassafe, ta dawo bayan magariba, kakar yaran kuma tana can nisan tafiyar awa huɗu a mota.

Kuma ba saki kaɗai ke samar da irin waɗannan gidaje a Kaduna ba. Rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 sun bar zawarawa a ɓangarori biyu na kogi. A nan yankinmu, harin bam da aka kai cocin St. Rita ranar 28 ga Oktoban 2012 ya bar nasa tabon. Gari ne na barikoki, kuma tun 2009 ake kai mazan wasu yaƙi Arewa maso Gabas ba su dawo ba. Ga garkuwa da mutane a kan hanyoyi, ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris ɗin 2022. Rufe masaƙun Kakuri, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya kori dubban magidanta zuwa Abuja da Legas neman abin yi, wasu waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka wannan zance ya shafi gidan Musulmi da na Kirista, ya shafi Bahaushe da maƙwabcinsa.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura da wani bambanci da muke tsallakewa. A 1994 wasu masana zamantakewa biyu a Amurka, Sara McLanahan da Gary Sandefur, sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan dubban yaran da suka taso a hannun mahaifi ɗaya. Sun gano cewa kusan rabin koma-bayan da ake gani a karatunsu da rayuwarsu ya samo asali ne daga raguwar kuɗin shiga. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne, yaran da mutuwa ta raba da ubansu sun fi waɗanda saki ya raba da nasu samun daidaito, alhali duka biyun babu uba a gida. Amurka ba Malali ba ce, kuma ba na ɗaukar alƙaluman wata ƙasa in jibga wa tamu. Amma dalilin da ke bayan wannan bambanci na san shi a unguwarmu. Kujerar uba wofi take a gidajen biyu, fassarar da yaro ke yi wa wofin ce ta bambanta.

Maraya yana da matsayi a al'ummarmu. Addini ya girmama shi, limami yana ambatonsa a huɗuba, mai kuɗi yana neman lada ta hanyarsa, a coci ma Zumuntar Mata ba ta manta gidan gwauruwa. Ya san inda ubansa yake, ana yi wa uban addu'a a gabansa, ana ba shi labarin kirkinsa, ko da an ƙara gishiri. Ɗan sakakkiya fa? Na taɓa zama a wani kwamitin unguwa da ke tara kuɗi don ɗinka wa marayu kayan Sallah. Wata mata ta kawo sunan yara uku na maƙwabciyarta, waɗanda rabon da su ga ubansu shekara huɗu. Aka duba aka ce ba su cancanta ba, tunda ubansu yana raye. Bisa ƙa'idar kwamitin gaskiya ne. Amma yaran nan uku sun ga an kai wa abokan wasansu shadda, kuma darasin da suka ɗauka shi ne da ubansu ya mutu da sun fi haka daraja. Ina ganin babu tunanin da ya kai wannan nauyi a kan ɗan shekara goma.

Yaron da ubansa ke raye amma ya juya masa baya yana zaune ne tsakanin tsammani da yanke ƙauna, bai samu ya yi makoki ya huta ba, bai kuma samu uban ba. Zamani ya ƙara dagula abin. Da can uban da ya tafi ya tafi ke nan, sai labari. Yau yaro zai ɗauki wayar uwarsa ya ga hoton ubansa a WhatsApp ranar Sallah, shi da sababbin 'ya'yansa sun yi anko, ana murmushi. Ba sai an yi masa bayani ba. Ƙaramin yaro kuma duk abin da ya faru a duniya yakan ɗauka shi ne sanadi. Idan uba yana iya son waɗancan, to matsalar ba ta uban ba ce ke nan, ni ne ban isa a so ni ba. Haka lissafin yake tafiya a ƙwaƙwalwarsa, kuma babu wanda zai gyara masa lissafin tunda babu wanda ya san yana yin sa.

Alkunya ta hana mu magana da yara a kan irin wannan. Sai a ce masa babanka ya yi tafiya, a bar shi yana leƙen ƙofa wata da watanni, har ranar da wani yaro zai goranta masa gaskiya a filin ƙwallo. A wasu gidajen kuma kishiyar haka ake yi: uwa, saboda zafin abin da aka yi mata, ta mayar da ɗanta abokin hira, ta zazzage masa duk muguntar ubansa, ta manta cewa rabin jinin yaron na mutumin da take tsinewa ne. Mafi muni a ganina shi ne mayar da yaro ɗan aike. Je ka ce wa ubanka an kore ka saboda kuɗin makaranta. Ya hau Keke Napep ya je ya tsaya a ƙofar shago ko ofis, uban ya fito ya balbale shi da faɗan da uwar ya so ya yi wa, ya ce koma ka gaya mata ba ni da shi. Yaron ya dawo ya sha wani faɗan. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da haɗuwa a kan cewa rikicin da ke ci gaba tsakanin iyaye bayan rabuwa, musamman wanda aka sa yaro a tsakiyarsa, ya fi rabuwar kanta illa.

Wani hanzari ba gudu ba. Mutum ba ya auna rashinsa da ma'aunin duniya, da na kusa da shi yake aunawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Samuel Stouffer da abokan aikinsa sun yi bincike a rundunar sojan Amurka, aka buga a 1949. Sun tarar cewa sojojin sama, inda ƙarin girma ke zuwa da sauri, sun fi ƙorafi a kan ƙarin girma fiye da 'yan sandan soja, inda yake tafiyar hawainiya. Dalili kuwa shi ne wanda aka tsallake a rundunar sama kullum yana ganin abokansa suna wuce shi. Malali wuri ne da wannan ke aiki ƙwarai, domin katanga ɗaya ce wani lokaci tsakanin mai hali da marar hali, kuma Islamiyya ɗaya ke haɗa 'ya'yansu da yamma. Yaron da a ƙauye ba zai ji komai ba, tunda kowa da ƙafa yake zuwa makaranta, a nan kullum yana kallon iyaye maza suna sauke 'ya'yansu a mota suna shafa kansu. Ba motar ce ke ci masa rai ba, na tabbata, domin na ga 'ya'yan manyan ma'aikata mata da direba ke kaiwa makaranta suna irin wannan kallo.

Makaranta, ba da gangan ba, tana yawan taɓa gyambon. Fom ɗin shiga yana tambayar sunan uba da sana'ar uba da lambar wayar uba. Yaro ya yi laifi, malami ya ce gobe kada ka zo sai da babanka. A makarantun kwana akwai ranar ziyara, wadda ga wasu yara ita ce rana mafi tsawo a zango. Malamin Hausa ko na Turanci ya ba da jinga a rubuta insha'i a kan mahaifina, bai san akwai mutum huɗu ko biyar a ajin da za su zauna su ƙirƙiro ƙarya ba. Kowanne cikin waɗannan ƙaramin abu ne, shi ya sa ba a ganinsa. Taruwarsu shekara da shekaru ne ke gina wa yaro yaƙinin cewa duniya an tsara ta ne don wasu.

Harshenmu ma bai raga musu ba. Agola, goyon kaka, tarbiyyar mace, ɗan mace: duk kalmomi ne da ake jifa da su, kuma babba ne ke fara furta su kafin yaro ya koya. Yaron da ke da uwa da uba idan ya yi rashin kunya sai a ce ƙuruciya, na bazawara idan ya yi irinta sai a ce ai dama. Wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba kuwa nasa ya fi na kowa, ana ɗora masa kayan da bai san lokacin da aka ɗaure su ba. Abin yana bin su har girma. Ɗalibai nawa suka zauna a gabana suna juya hula saboda takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda a tsarinmu ta garin uba ake nema? Yaron da aka haifa a Kaduna, uwarsa ta rene shi a Malali, sai ya wanke ƙafa ya tafi garin da bai taɓa kwana ba, ya yi sallama a ƙofar mutanen da ba su taɓa tambayar lafiyarsa ba, don su shaide shi. Yarinya kuma ranar da manemi ya fito, ranar ake tono asali, a shiga neman waliyyi a dangin da suka manta da ita, wani baffan ma ya ga dama ta samu ta ramuwar gayya a kan uwarta.

Ban manta da gidajen da uba ne ke riƙe da yaran ba. Sun fi ƙaranci a ido ne kawai saboda namiji ba ya daɗewa bai sake aure ba, ko ya miƙa yaran ga mahaifiyarsa ko ƙanwarsa. Amma yaron da aka ƙwace daga hannun uwa da zarar an yaye shi, aka kai shi ɗakin matar uba, shi ma ɗan mahaifi ɗaya ne ko da gidan cike yake da mutane. Akwai matan uba na ƙwarai, na san wasu da suka riƙe 'ya'yan miji fiye da nasu. Duk da haka yaro yana lura da wanda aka fara zuba wa abinci da wanda aka fara aika. Yarinya kuma takan kai shekarun da jikinta zai fara sauyawa ba ta da wadda za ta tambaya ba tare da fargaba ba. Uba yana ganin ya ciyar, ya tufatar, ya biya makaranta, saura me? Saura uwar da aka hana ta ko sallama a ƙofar gidan.

Abin mamaki shi ne wannan al'ada ta ƙwace yaro bayan yaye ta saɓa wa fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, riƙon yaro bayan rabuwa haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba duk inda yaron yake. Mu sai muka juya abin: in dai zan ciyar, to a ba ni ɗana, in kuwa kin riƙe shi, ki ci da shi. Wanda ke bin rahotannin da ke fitowa daga Kotun Shari'a ta Magajin Gari a nan Kaduna ya san yawan matan da ke zuwa neman riƙo da kuɗin ciyarwa. Alƙalai suna yanke hukunci, amma bin hukuncin wata shari'ar ce daban, kuma kuɗin da aka yanke kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 yau ba zai sayi rabin abin da yake saya ba. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara da walwalarsu a 2018, bayan dokar tarayya ta 2003, kuma ginshiƙin dokokin shi ne a fifita maslahar yaro a kan son ran manya. A takarda ba mu da gibi.

Maganin da hukumomi suka fi sani shi ne a aurar da uwar. Kano ta fara auren zawarawa a 2012 a ƙarƙashin Hukumar Hisba da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800, da sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari. Ba na raina wannan ƙoƙari, ya share wa mata da yawa hawaye. Tambayata ita ce, ranar da amarya ta tare, ina yaranta suka kwana? Ko dai su bi ta su zama agololi, ko a mayar da su gidan uban da bai neme su ba, ko a rarraba su tsakanin dangi kamar kayan gado. Binciken McLanahan da Sandefur da na ambata ya taɓo wannan ma: yaran da uwarsu ta sake aure ba su fi waɗanda ta zauna ita kaɗai samun daidaito ba, duk da cewa kuɗin gidan ya ƙaru. Sabon aure yana warware matsalar uwa, ta yaro kuwa sai an zauna an yi mata nata tunanin.

Yaro ba ya zuwa ya ce ina cikin damuwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma ta yaro sai an haɗa da jiki da hali. Ciwon kai ko ciwon ciki da ke tashi kowace safiyar Litinin, likita ya auna bai ga komai ba. Fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina. Faɗa a makaranta, ɗauke-ɗauke, ko shiru mai yawa. Akwai kuma wadda ba wanda ke zargin komai a kanta, wato babbar 'ya da ta zama uwa tana shekara goma sha biyu, tana girki, tana wanka wa ƙanne, tana lallashin mahaifiyarta idan ta yi kuka, kowa yana yaba hankalinta. Ita ce takan zo ofishina bayan shekara bakwai ta ce ba ta iya barci, ba ta san dalili ba. Mu kuwa fassararmu ba ta wuce uku: taurin kai, aljanu, ko sammun kishiya. Na farko bulala, sauran biyun hayaƙi da rubutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, tsallaken kogi kawai, amma uwar da ake riga ake nunawa da baki ba za ta so a ce an ga ta kai ɗanta can ba. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, sai dai likitocin fannin a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200. Ba asibiti ne zai ɗauke mana wannan kaya ba.

Dole in yi taka-tsantsan a nan, domin rubutu irin wannan yana iya zama ƙarin dutse a hannun masu jifa. Mavis Hetherington, wadda ta bi iyalai kusan 1,400 a Amurka na tsawon shekaru kusan talatin, ta samu cewa kimanin kashi 25 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu suna fuskantar matsala mai tsanani, idan aka kwatanta da kashi 10 na sauran yara. Ninki biyu da rabi ne, ba abin wasa ba. Amma a juya lissafin: uku cikin kowane huɗu sun taso lafiya lau. Cikin ɗaliban da na fi alfahari da su akwai 'ya'yan mata masu sayar da ƙosai da malaman firamare da ma'aikatan jinya da suka yi renon su kaɗai. Kuma gidan da ake dambe kullum a gaban yara bai fi gidan bazawara mai kwanciyar hankali ba, ko da maƙwabta sun fi ganin mutuncinsa.

Me ya raba ukun nan da ɗayan? Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa da abin yi, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya tsaya musu tsayin daka, kaka ce, inna ce, maƙwabci ne ko malami. Musulmi bai kamata ya ji wannan a matsayin sabon labari ba. Annabi (SAW) bai ga mahaifinsa ba, ya rasa mahaifiyarsa yana shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalib ya ɗauke shi, bayan shekara biyu baffansa Abu Ɗalib ya karɓa, ya riƙe shi shekaru masu yawa. Mu a yau kawu da baffa sun koma saƙon banki. A tura dubu goma a ƙarshen wata, a ji an sauke nauyi. Kuɗin yana da amfani, kada a daina. Amma zumunta a ƙafa take, kuma yaron yana bukatar namijin da zai zo ranar rabon sakamako ya zauna a kujerar iyaye, ya riƙe hannunsa zuwa Idi, ya san sunan abokinsa, ya tsawata masa idan ya kauce ba tare da ya ambaci uwarsa ba.

Ga uban da ya rabu da matarsa, saki uku ma bai saki ɗa ba. Ya sa ranar da zai riƙa zuwa, ko da sau biyu ne a wata, ya kuma cika, domin alkawarin da ake saɓawa ya fi rashin alkawari ciwo. Kuɗin makaranta ya biya kai tsaye, kada yaro ya zo roƙo. Uwa kuma, komai zafin da take ji, ta bar ƙofar a buɗe matuƙar babu cutarwa, ta gaya wa yaron gaskiya daidai shekarunsa: ni da babanka mun kasa zama tare, ba kai ka jawo ba. Kwamitocin masallatai da coci-coci su faɗaɗa rajistarsu ta haɗa da yaran da aka yi watsi da su, su kuma daina jera yara a rana da leda a hannu ana ɗaukar hoto don Facebook. A kai kayan gida da dare, a miƙa wa uwar, ita ta ba ɗanta da hannunta. Shugabannin makarantun Malali, na gwamnati da masu zaman kansu, ba sa bukatar kasafin kuɗi kafin su mayar da layin sunan uba ya zama na mai kula da yaro, ko su sanar da malamin aji halin da kowane ɗalibi ke ciki a asirce.

Sai kotu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991, kuma sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba yaron da ya yi wayo damar a ji ta bakinsa a duk al'amarin da ya shafe shi. Zan so in ga hukuncin riƙo yana fitowa da ranakun ziyara a rubuce, da adadin kuɗin ciyarwa da za a riƙa sake dubawa duk shekara, da hanyar cire shi daga albashi idan uban ma'aikaci ne. Kafin a rubuta hukuncin kuma, alƙali ya sa a fitar da iyayen da lauyoyinsu, a kawo yaron ofishinsa tare da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, a ba shi kujera, a tambaye shi inda yake kwana, wa ke kai shi makaranta, da kuma wanda yake kewa.